Ko Kun Sani? Na'urar Wi-Fi Kan Bi Umarnin Baƙo

A 2023 an bayyana wata kafa a na'urar Wi-Fi ta TP-Link, samfurin Archer AX21: ɗan kutse kan cusa umarninsa a gurbin zaɓen ƙasa, na'urar ta aiwatar ba tare da neman kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara a Maris, amma a Afrilu muguwar manhajar Mirai ta fara kame na'urorin da ba a sabunta ba. Mai shagon intanet a Ikara, Makarfi ko Kudan zai ce wa ya san da zamansa. Ai Mirai ba ta zaɓen gari, lalube take yi, duk na'urar da ta samu a buɗe ta mayar da ita makamin kai wa wasu hari da datar mai ita. Saboda haka sabunta manhajar na'ura wajibi ne.