Wasan Jifan Ƙarfe a Kan Titi a Ƙasar Ailan

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. Mutanen karkarar can suna da wani daɗaɗɗen wasa wanda ba ya bukatar fili ko raga. Titin ƙauye shi ne filinsu. An fi yin sa a gundumomi biyu, watau Kok a kudu da Arma a arewa.

Abin wasan wani dunƙulallen ƙarfe ne, bai kai lemon zaƙi girma ba, amma nauyinsa kusan giram 800. Mutum biyu ne ke karawa. Akan auna titi mai tsawon kamar kilomita 4. Ɗan wasa zai sheƙo da gudu, ya wulwula hannu, ya saki ƙarfen ya bi titi. Inda ya tsaya, nan za a sa alama, daga nan kuma zai sake jifa. Wanda ya kai ƙarshe da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci.

To, ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum. Titin ƙauye yana da kwana da gangare da ramuka. Saboda haka kowane ɗan wasa yana da ɗan jagora wanda ya san titin kamar tafin hannunsa. Shi ne zai wuce gaba ya ajiye ɗan tsinken ciyawa a inda yake so ƙarfen ya sauka. Idan aka zo kwana mai tsanani, gwani yakan cilla ƙarfen sama ya tsallake shinge ya faɗa titi a ɗaya gefen. In ya faɗa cikin gona, wannan jifa ta tafi a banza. 'Yan kallo kuwa suna bin 'yan wasa a ƙafa, ana ihu a ba da hanya. Abin da bai yi kyau ba shi ne yawan cacar da ake yi a kan wasan. A shekarar 1954 aka kafa ƙungiyar da ke tsara dokokinsa, kuma yanzu mata ma suna yi.

Da an tashi, titi ya koma na motoci, ba abin da ya rage sai labari. Waƙa ce ke riƙe da labarin. Mawaƙan gari sukan tsara baitoci su faɗi sunan titi da na gwanaye da yadda aka kare, kamar dai yadda makaɗan dambe ke yi wa 'yan dambe a nan gida. Wadda ta fi shahara ita ce "The Boys of Fairhill", waƙar yabon mutanen wata unguwa a birnin Kok, wadda ta ambaci wani gwanin jifa mai suna Timmy Delaney. Mawaƙi Jimmy Crowley ya sa ta a faifai a 1977.

Gwanin da aka fi tunawa da shi shi ne Mick Barry, wanda ya rasu a 2014. A 1955 ya cilla ƙarfe ya tsallake wata gadar jirgin ƙasa mai tsayin ƙafa 90 kusa da birnin Kok. Ƙarfen da ya jefa ran nan bai kai na gasa nauyi ba. Sai a 1985 wani Bajamushe, Hans Bohlken, ya tsallake gadar da cikakken ƙarfe.