Idan foldar da ake rabawa a gida ta ƙi buɗuwa

A gidaje da ƙananan shaguna da yawa akwai kwamfuta ɗaya da ake tara komai a cikinta: hotunan biki, takardun makaranta, lissafin ciniki. An buɗe folda a kanta domin sauran kwamfutocin gidan su riƙa shiga ta waifai. A yi wata da watanni lafiya lau, sai wata safiya a danna, Windows ta ce ba ta ga hanya ba, wani lokaci har da lamba 0x80070035. Mai gida ya kwantar da hankalinsa, fayilolinsa suna nan inda ya bar su. Kusan kullum abin da ya yanke yana tsakanin kwamfutar da ke nema da wadda ke riƙe da kayan ne. Hanyar nan kuwa hawa-hawa take, kuma wanda ya bi ta daga ƙasa ya fi saurin gano inda ta toshe a kan wanda ya hau taɓa duk maɓallin da ya ci karo da shi.

A fara da abin da ido zai iya gani. Kwamfutar da ke riƙe da foldar tana kunne? Idan laftof ce aka rufe murfinta, ta yi barci, kuma mai barci ba ta amsa kira. Sannan a duba ko na'urorin biyu suna kan waifai ɗaya. A gidan da akwai rauta, akwai MiFi, ga kuma wayar da ake buɗe wa data, laftof takan tsallaka daga wannan zuwa wancan ba tare da kowa ya lura ba. Intanet na tafiya, saboda haka ba wanda zai yi zargin komai. Haka kuma waifai ɗin baƙi da rautoci da yawa ke bayarwa: da gangan aka tsara shi ya hana na'urorin da ke kansa ganin sauran na gida.

Inda na fi zargi a ƙasarmu shi ne adireshi. Kowace na'ura da ta shiga waifai, rauta na ba ta lamba irin 192.168.1.20, amma aro ne na ɗan lokaci. Rauta kamar mai gidan haya take: wanda ya fita ya dawo ba lallai ya tarar da ɗakinsa na da ba. A inda ake ɗauke wuta ana kawowa sau da yawa a yini, ko a juya daga wutar gari zuwa janareto, rauta na mutuwa tana tashi, kuma wasu rautocin kan manta wanda suka bai wa wace lamba. Wayar yaro ta riga ta shiga ta karɓi 20, kwamfutar da ke da foldar ta tashi daga baya ta samu 23. Gajeriyar hanyar da aka ajiye a kan allo kuwa tana nan tana neman 20.

Gano wannan ba wuya. A je kwamfutar da ke riƙe da foldar, a buɗe Command Prompt, a rubuta ipconfig, a duba layin IPv4. A yi haka a ɗayar ma. A yawancin gidaje kashi uku na farkon lambar dole su zo ɗaya. Idan wannan tana 192.168.0 waccan tana 192.168.8, to ba a kan rauta ɗaya suke ba. Idan kuwa lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba sam, ita ta ƙirƙiro wa kanta, sai a koma kan kebul ko waifai. In komai ya daidaita, a buɗe File Explorer a ɗaya kwamfutar, a rubuta karkatattun sanduna biyu sannan sabuwar lambar, kamar haka: \\192.168.1.23. Idan foldar ta fito, an kama ɓarawo. Maganin dindindin yana cikin shafin saitin rauta, inda ake iya keɓe wa na'ura lamba ɗaya da ba za a ƙara bai wa kowa ba. Aikin minti biyar ne, amma mutane ƙalilan ke yin sa.

Kada a dogara da jerin kwamfutocin da ke fitowa a ƙarƙashin Network. Jerin nan ba shi da tabbas. Kwamfuta kan ɓace daga cikinsa alhali foldarta na buɗuwa sarai da lamba. Idan ana son ta dawo, a tabbatar an kunna Network discovery, kuma hidimar Function Discovery Resource Publication tana gudana a kwamfutar da ta ɓace. Masu neman HomeGroup kuma su huta, Microsoft ta cire shi daga Windows 10 tun 2018.

To idan adireshi daidai ne amma shiru? Windows na raba waifai gida biyu, Public da Private. A kan Public katangar tsaronta na toshe ƙofa mai lamba 445, wadda ta nan rabon fayil ke bi. Da an sauya rauta, ko an canza wa waifai suna, Windows ta ɗauke shi baƙon wuri ta mayar da shi Public. A shiga saitin waifai ɗin a mayar da shi Private. Wasu masu gyara sukan kashe katangar gaba ɗaya, foldar ta buɗe, mai kaya ya yi godiya ya biya. Ni ban yarda da wannan ba sai dai don gwaji na minti ɗaya, domin laftof ɗin nan gobe za ta hau waifai na otal ko na makaranta a buɗe.

Wani lokaci ƙofa na buɗuwa amma a ce ba a san ka ba. Lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita kullum ba ta aiki daga nesa, ainihin kalmar sirrin asusun ake so. Asusun da ba shi da kalmar sirri kuwa, Windows ba ta barin a shiga da shi daga wata kwamfuta. Idan an canza kalmar sirri kwanan nan, ɗaya kwamfutar na iya ci gaba da aika tsohuwar da ta haddace; a buɗe Credential Manager a goge ta. Izini ma kashi biyu ne, ɗaya a shafin Sharing ɗaya a shafin Security na foldar, kuma wanda ya fi tsauri shi ke yin hukunci.

Saura matsalar da ta fi rikita mutane, wadda kan zo bayan Windows ta sabunta kanta. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen rabon fayil sunanta SMB, Barry Feigenbaum ya fara ta a kamfanin IBM a 1983. Nau'inta na farko, wato SMB1, ya daɗe ana amfani da shi, ko bayan na biyu, SMB2, ya zo tare da Windows Vista. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayil mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB1 ta bazu ƙasashe sama da 150, ta kuma tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Microsoft ta riga ta fitar da gyara tun watan Maris, amma ɗimbin kwamfutoci ba su ɗora ba. Daga ƙarshen shekarar 2017 Windows 10 ta fara yin watsi da SMB1, har a wasu nau'o'inta yakan cire kansa idan an yi kwana 15 ba a taɓa shi ba. A 2024 kuma Windows 11 mai lamba 24H2, nau'in Pro, ta daina yarda da shiga a matsayin baƙo marar kalmar sirri, ta kuma wajabta sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB.

Waɗanda wannan ya shafa su ne tsofaffin na'urori: rauta mai ramin USB da aka maƙala wa faifan ajiya, tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, da injin fotokwafi na shagon buga takardu wanda ke tura sikanin kai tsaye cikin folda. Intanet cike take da shawarar a sake kunna SMB1. Yana aiki kuwa, shi ya sa shawarar ke yaɗuwa, amma injiniyoyin Microsoft da kansu sun daɗe suna roƙon mutane su rabu da shi. Gara a fara duba ko kamfanin na'urar ya fitar da sabuwar manhajar cikinta mai jin SMB2, a kuma buɗe asusu mai suna da kalmar sirri a madadin shigar baƙo. Idan rautar ba ta san komai ba sai SMB1, a cire faifan daga jikinta a jona shi da kwamfuta, a raba foldar daga can. Injin fotokwafi kuma, da yawansu na iya ajiye sikanin a filashi ko su tura shi ta imel.