Gayyar Karatu a Cikin Waya

Manomin Funtua ba sai an yi masa bayanin gayya ba. Yau a taru a gonar wane, gobe a koma ta wane, kafin ciyawa ta ci ƙarfin masara. To, wannan haɗa ɗalibai da ake yi su yi aiki tare ta waya ko kwamfuta, gayyar ce aka shigo da ita aji.

Malami zai raba ajin rukuni-rukuni, ya ba kowanne aikinsa. A manhajar Google Docs, yara biyar na iya rubutu a shafi ɗaya a lokaci guda, ko da ɗayansu ya tafi hutu Malumfashi. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar tana ajiye tarihin abin da kowa ya rubuta, don haka malam zai gane wanda ya riƙe fartanya da wanda tuwon gayya kawai ya kawo shi. Akwai kuma Google Classroom, wadda ta fito a 2014, domin raba aikin gida da karɓarsa. Amma mu faɗi gaskiya, a nan WhatsApp ce a hannun mutane. Yaron da ya gane lissafi ya warware shi a takarda, ya ɗauki hoto, ya bi da saƙon murya cikin Hausa. Sau da yawa bayanin ɗan'uwa ya fi shiga kai, domin ba a jin nauyin cewa ya maimaita.

Sau biyu aka ja mana kunne. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, kowa ya koma neman darasi a waya da rediyo. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Duk karatun da ya dogara da intanet kaɗai ya tsaya cak. Saboda haka darasin da aka tura, a sauke shi a waya tun akwai sabis. Daga nan Xender ko Bluetooth za su raba shi ba tare da data ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne rukunin da ba malami a ciki. Nan da nan yake komawa dandalin bidiyon biki, ko mutum ɗaya ya yi aiki sauran su kwafe. Mai kwafa kuwa kansa ya cuta, tunda daga 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kowa da tasa kujerar.

Iyaye, yawanci wayarku ce yaran ke ara. Kafin ku ba da ita, ku tambayi wane malami ko malama ke kula da rukunin, ku kuma sa lokacin karɓa da na mayarwa.