Motar Da Ba Ta Shan Mai

Yara, in kun tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo, wadda ta ratsa Rimin Gado, galibin motocin da za ku gani mai suke sha. Amma akwai wata irin mota wadda ba ruwanta da mai. Abincinta wutar lantarki ce. Tana ajiye ta cikin wani ƙaton batir da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, kamar yadda manomi ke tara hatsi a rumbu.

In wutar ta yi ƙasa, sai a yi mata caji, tamkar wayar hannu. Mai mota yana iya jona ta da wutar gidansa da dare. Sai dai wutar gida a hankali take shiga, kamar mai cika randa da ludayi. Wani lokaci har gari ya waye batir bai cika ba. In kuwa aka ɗauke wuta, shi ke nan, sai jira. Nan wuyar take ga mutumin ƙauye.

Saboda haka ake gina tashoshin caji na jama'a. Waɗansu na'urorin can ƙarfi gare su ƙwarai, cikin minti 30 ko 40 batir ya kusa cika. A shekarar 2021 aka buɗe wata tasha a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ita da rana take aiki. An jera faya-fayan sola suna karɓar haske, suna juya shi lantarki, a tara cikin batura, don ko bayan rana ta faɗi a sami abin ɗura wa mota.