Yadda Cutar Salmonella Ke Yaɗuwa Da Daɗewa A Cikin Ɓerayen Gwaji

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin da ya sa cutar Salmonella, in ta shiga ɗakin kiwon ɓerayen gwaji, take da wuyar fita.

Friedrich Loeffler ne ya bayyana ƙwayar wannan cuta a 1892, bayan annoba ta faɗa wa ɓerayen ɗakin bincikensa a Greifswald, ƙasar Jamus. Ta baki take shiga, watau ta abinci ko ruwan da kashin ɓera ya taɓa. Daga hanji sai ta ratsa zuwa kaluluwa, da hanta, da saifa, ta ɓuya a cikin fararen ƙwayoyin jinin da aikinsu ne su hallaka ta. Waɗansu ɓerayen su mutu cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka tsira kuwa, a nan matsalar take: ga su lafiya lau a ido, amma suna iya yin watanni suna fitar da ƙwayar a kashinsu, yau akwai, gobe babu. Saboda haka awo ɗaya bai isa a wanke ɓera ba.

Topley da Greenwood da abokan aikinsu a Ingila, cikin rahotonsu na 1936, sun nuna cewa muddin ana zuba sababbin ɓeraye cikin garken da ya kamu, annobar ba ta ƙarewa; sai ta lafa, ta sake tashi. Baƙin su ne makamashinta.

To, ina ruwanmu? Masara da dawa da ƙuli-ƙuli, irin waɗanda ake samu a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, da su akan haɗa abincin dabbobi a Arewa. Hatsin da ya yi watanni a rumbu ko sito, ɓeran gida ya bi ta kansa, yana iya ɗauke da ƙwayar, domin takan daɗe da rai a busasshen abinci. Mai bincike ya auna magani a kan ɓeran da saifarsa ta riga ta kumbura, lalle sakamakonsa abin tuhuma ne, balle haɗarin gudawa ga ma'aikatan ɗakin.

A ganina ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta rufa-rufa ce kawai, don yakan danne alamu, ya bar masu ɗauke da ita. Abin da ya fi shi ne a kawar da garken, a wanke ɗakin da magani, a turara abinci da shimfiɗa, a toshe ramuka, sa'an nan a keɓe kowane baƙon ɓera har a auna kashinsa sau da yawa.