Daga Ƙa'idar Sana'a zuwa Kundin Mulki: Tarihin Dokokin Ƙungiyar Firimason a Birtaniya

Ƙungiyar Firimason ta samo asali ne daga majalisun magina masu sassaƙar dutse na Ingila da Sikotlan. Tarihin dokokinta yana nuna yadda ƙa'idojin sana'a suka rikiɗe suka zama kundin shugabanci.

Mafi daɗewa cikin rubutattun ƙa'idojin ita ce waƙar Regius, ta wajen shekarar 1390. Ta wajabta wa ubangida biyan ma'aikaci haƙƙinsa, ta kuma gindaya wa mai koyon sana'a shekara bakwai. A 1598 da 1599, William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarkin Sikotlan, ya shimfiɗa wa majalisun ƙasar dokoki, ciki har da rubuta sunan duk wanda aka shigar.

A ƙarni na 17 aka fara karɓar waɗanda ba magina ba, don haka buƙatar doka ta sauya. Bayan kafa Babbar Majalisa a Landan a 1717, James Anderson ya wallafa kundin 1723. Kundin ya tsara zaɓen shugabanni, ya hana gardamar addini da siyasa a wurin zama, ya kuma buɗe ƙofa ga mabiya aƙidu mabambanta.

Sai dai ba kowa ya miƙa wuya ba. A 1751 wani ɓangare ya kafa tasa Babbar Majalisar, bisa zargin cewa an yi watsi da tsohuwar al'ada, kuma Laurence Dermott ya rubuta masa kundi a 1756. Ɓangarorin ba su haɗe ba sai a 1813. Tushen rikicin shi ne tambayar wa ke da ikon fassara gadon magabata.