Daga Kano Zuwa Yola Ta Yankari: Abin Da Itatuwan Hanya Ke Nunawa

Wanda ya shiga mota daga Kano zai tafi Yola ta Bauchi da Gombe, yana da tafiyar kimanin kilomita 700 a gabansa, wato kusan yini guda cur a zaune. Galibin fasinjoji da barci suke cinye wannan lokaci. Amma ga ɗalibin ilmin halittu, tagar mota tamkar allon aji ce, musamman idan ya yarda ya yi ratsen kilomita 140, zuwa da dawowa, ya leƙa dajin Yankari. Dalilin ratsen shi ne wannan. Idan malami yana son ya nuna wa ɗalibai amfanin taki, yakan shuka wake a tukwane biyu, ya sa wa ɗaya taki, ya bar ɗayar haka nan domin kwatance. Ba a gane aikin takin sai an dubi tukunyar da aka bari. To, ƙasar da ke gefen hanya ita ce tukunyar da hannun ɗan Adam ya taɓa, Yankari kuwa ita ce wadda aka bari.

Itatuwan da manomi ya zaɓa

Daga Wudil zuwa Birnin Kudu, mai lura zai ga cewa itatuwan da ke tsaye jefi-jefi cikin gonaki ba su da yawan iri. Akwai kuka, da ɗorawa, da tsamiya, da gawo, sai kaɗanya da takan ƙaru idan an nausa kudu. Yawancinsu ba shuka su aka yi ba. Abin da ya faru shi ne, a lokacin da ake sassabe, sai manomi ya sare duk abin da ba ya buƙata, ya ƙyale wanda ke ba shi miya, ko daddawa, ko mai, ko abincin dabba. An yi ɗaruruwan shekaru ana wannan zaɓe, har ya zama abin da muke kira daji a ƙasar Kano, a gaskiya lambu ne mai faɗi. Darbejiyar da ta yi wa garuruwa layi kuwa baƙuwa ce, asalinta daga yankin Indiya, a zamanin Turawa ta yaɗu a ƙasarmu.

Daga cikinsu gawo ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa 'yan'uwansa. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Da rani kuma, sa'ad da sauran suka kaɗe, sai ya tofo. Saiwarsa tana nitsawa ƙasa sosai har ta cim ma ruwan da ke can ciki, shi ya sa rani ba ya damunsa. Ga manomi wannan riba biyu ce: inuwarsa ba ta danne gero da dawa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin shuka. Bugu da ƙari, a jikin saiwoyinsa akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin bakteriya ke zaune ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin tsiro, kamar dai yadda ake samu a gyaɗa da wake. Kakanninmu ba su san sunan naitirojin ba, amma sun san hatsin gindin gawo ya fi kyau.

Daga Ningi zuwa Bauchi ƙasar takan fara tudu, manyan duwatsu masu santsin baya su bayyana. Bayan an wuce Bauchi a kan hanyar Gombe sai a iso Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola. A nan ne ratsen yake. Daga Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar dajin take, kimanin kilomita 29 ne, daga ƙofar kuma zuwa masaukin Wikki a ƙara wajen 42.

Bayan ƙofa

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962. A 1991 ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar da ita ga Jihar Bauchi. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne.

Ruwan saman da ke sauka a gonakin Mainamaji shi ne ke sauka a cikin dajin, wato tsakanin milimita 900 da 1,000 a shekara. Rana ɗaya ce, ƙasa ma kusan iri ɗaya. Duk da haka, da an haye ƙofa sai ido ya ga wata duniya dabam. Itatuwa sun matsu da juna, kuma ba waɗanda aka saba gani a gona ba ne: ga kawo, ga marke, ga taura, ga madobiya, ga taramniya, a ƙarƙashinsu kuma gamba wadda da damina take shanye tsawon mutum. Da yawansu ɓawonsu kauri gare shi, domin gobarar daji abokiyar zamansu ce ta kowace shekara, wanda ba ya jure wuta tun yana ƙarami ba ya kai wa ga girma. A nan wuta da haurun giwa ne ke yin zaɓen da gatarin manomi ke yi a waje.

Kada mai karatu ya ɗauka mutum bai taɓa zama a wurin ba. Akwai tsofaffin matoyan narka tama, da rijiyoyin Dukkey guda 139, da koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira kogunan Marshall. Amma an fi shekara ɗari babu gari a ciki, kuma ƙudan tsando, mai sa wa shanu ciwon sammore, ya taimaka wajen nisanta makiyaya. Ƙwaron da makiyayi ke tsinewa ya yi wa namun daji gadi tun kafin gwamnati ta ɗauki ma'aikata.

Gaji da Wikki

Rayuwar dajin baki ɗaya ta rataya ne a kan kogin Gaji, wanda ya ratsa shi ta tsakiya, kuma ba ya ƙafewa da rani. A gaɓarsa akwai kurmi mai duhu na maɗaci da kanya da ɗinya, siriri kamar kirtani a tsakiyar busasshen daji. Da damina ruwa yana ko'ina, dabbobi sukan warwatsu, ciyawa kuma ta rufe su. Amma daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, idan tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa takan koro su zuwa kwarin Gaji: ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu, su tarar da dorina da kada waɗanda dama can gidansu ne. Saboda haka malamin da ya kai ɗalibansa a watan Agusta ya dawo yana cewa babu komai a Yankari, ba dajin ya kamata ya zarga ba.

Abin da ke riƙe Gaji da rani shi ne maɓuɓɓugai, mafi girmansu Wikki, wadda ke fitar da ruwa kimanin lita miliyan 21 a kowace rana daga gindin wani dutsen yashi. Ɗumin ruwan digiri 31 ne a ma'aunin Salsiyos, dare da rana, rani da damina. Masu ziyara sukan zaci akwai wuta a ƙarƙashin wurin. Bayanin ya fi haka sauƙi. Dutsen yankin na yashi ne, yana tsotse ruwan sama kamar soso, ruwan ya yi ta nitsawa a hankali. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kaɗan yakan ɗauki matsakaicin zafin yankin na shekara, wanda a wannan sashe bai kai digiri 30 ba. Daga nan kuma, duk nitsawar kilomita ɗaya cikin ƙasa takan ƙara zafin digiri 25 zuwa 30. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa, ya ga cewa ƙarin digiri huɗu ko biyar ba ya buƙatar zurfin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Wani abin sha'awa kuma, wanda ya shiga ruwan da asubar hunturu zai ce zafi gare shi, wanda ya shiga da azahar a watan Afrilu zai rantse sanyi ne da shi, alhali ruwan bai sauya ba. Fatar mutum bambanci take aunawa, ba ainihin zafi ba. (Mai shiga wanka ya ɓoye jakar abincinsa, gwaggon birin Wikki ya daɗe da daina jin kunyar mutane.)

Giwa da lissafinta

Giwayen Yankari suna cikin garkuna mafiya girma da suka rage a Nijeriya, amma ƙiyasin shekarun baya-bayan nan ya sa su tsakanin 100 da 150 kacal. Babbar giwa takan ci wajen kilo 150 na ganye da ɓawo da ciyawa a rana, kuma cikinta ba ya narkar da ko rabin abin da ta ci. Ƙwallon aduwar da ta haɗiye yakan fita lafiya a nesa da uwarsa, lulluɓe da taki. Idan kuma ta ture itace, haske ya sauka, ciyawa ta fito wa ɓauna da gwanki.

Matsalarta ita ce jinkirin haihuwa. Cikinta wata 22 ne, takan haifi ɗa ɗaya a shekara huɗu ko biyar, kuma sai ta haura shekara goma kafin ta fara. Ko da komai na tafiya daidai, da ƙyar garke ke ƙaruwa da fiye da biyar ko shida cikin ɗari a shekara. Ke nan idan mafarautan haure suka kashe goma daga garken ɗari a shekara guda, sun ci ribar shekara biyu. Ga shi kuma gonaki sun kewaye dajin ta kowane gefe, ya zama tsibiri. Giwa ba ta san iyaka ba, a dare ɗaya takan cinye abin da magidanci ya yi damina yana nomawa, kuma duk wanda zai yi maganar kiyaye ta bai sa wannan magidanci cikin lissafi ba, a ganina, bai fara ba tukuna. Raƙumin dawa ya riga ya ɓace daga Yankari, zakunan da suka saura kuwa 'yan ƙalilan ne. Annobar bushiya da ta auka wa shanun Nijeriya a 1983 ta kashe ɓauna da yawa a dajin, abin da ke nuna cewa ƙofa ba ta tare cuta. An dai tabbatar da kawar da wannan cuta daga duniya a 2011.

Idan an dawo Dindima aka miƙi hanya, sai Alkaleri, sai Gombe, sai duwatsun ƙasar Tangale a wajen Kaltungo, gonaki da itatuwan manomi su dawo kamar da. Zai yi kyau malami ya sa ɗalibai su ƙirga irin itatuwan da suka gani cikin kilomita ɗaya a nan, su gwama da abin da suka ƙirga a bayan ƙofar Mainamaji. A Numan hanya takan gangaro kwari mai giginya da rake, inda kogin Gongola, wanda aka haye tun a Dindima, yake gama dogon zagayensa ya faɗa cikin Binuwai. Daga nan zuwa Yola tafiyar kamar awa ɗaya ce.